Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin makarantun sakandarenmu a kan takardar shaidar ɗalibi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabanni, da ku 'yan'uwana malamai. Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ni malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar gwamnati, na kusa shekara 20 ina riƙe da alli. Na rubuto ne a kan wata takarda da ba ma ɗaukarta a bakin komai, alhali a wasu ƙasashe da ita ake auna yaranmu. Ina nufin wasiƙar da malami ko shugaban makaranta ke rubutawa ya shaidi ɗalibinsa idan zai nemi gurbin karatu ko tallafi a waje, musamman a Amurka, da kuma hirar da tsofaffin ɗaliban jami'o'in can ke yi da mai neman shiga.

Bari in fara da yaron da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai shekarar da ɗakin gwaje-gwajenmu ya wayi gari ba mu da ko takardar gwada tsami guda ɗaya. Na gaya wa 'yan aji biyar cewa sai dai mu yi darasin a allo. Washegari wani yaro mai shiru-shiru, mazaunin bencin baya, ya shigo da leda. A ciki akwai gorar ruwan zoɓo da ya dafa ya tace ba sukari, da lemon tsami biyu, da ƙullin kanwa, da ruwan toka a kwalbar magani. Ya jera kofuna a kan teburina. Ya matsa lemon a na farko, jan ya ƙara haske. Ya zuba ruwan kanwa a na biyu, launin ya juye ya koma kore-kore mai duhu. Ajin da ya haura mutum 80 ya yi tsit, sai kuma aka ruɗe da sowa. Babu wanda ya koya masa. Ya lura ne da yadda zoɓon mahaifiyarsa ke sauya launi idan ya taɓa kwanon da aka jiƙa kanwa, ya dinga gwadawa a gida har ya gane. Daga ranar har ya gama makaranta, shi ke haɗa mana ruwan gwajin.

Bayan shekara biyu ya zo mini da maganar neman karatu a Amurka, yana buƙatar wasiƙa. Na kai shi ofis, aka ciro masa irin wadda ake ba kowa: layi uku da Turanci, wai ga duk wanda abin ya shafa, wane ɗalibinmu ne daga shekara kaza zuwa kaza, yana da ladabi da biyayya, ba a taɓa kama shi da laifi ba. Aka buga hatimi. Ni ma da aka turo mini nawa gurbin in cike, kusan abin da na rubuta ke nan, na ƙara da cewa yana da ƙoƙari. Zoɓon nan bai shiga ba. Ko a raina bai zo ba cewa irin wannan ne ake son ji. Yaron bai samu ko ɗaya daga wuraren da ya nema ba. Ba na cewa wasiƙata ce kaɗai ta kayar da shi, domin masu nema suna da yawa ƙwarai. Amma na san na ga abu da idona, aka tambaye ni, ban faɗa ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Kuskurenmu ya samo asali ne daga abin da muka saba da shi. A nan gida, tun da aka kafa JAMB a 1978, hanyar jami'a lissafi ce: makin jarrabawar shiga, da sakamakon WAEC ko NECO, da tantancewar da jami'a ke yi, sai rabon gurabe. Takardar shaidar hali kuwa ana karɓarta ne a lokacin rajista a saka a fayil. Shi ya sa muke rubuta ta yadda muke rubutawa. Manyan jami'o'in Amurka ba haka suke ba. Inda ake ɗaukar ƙasa da mutum 4 cikin 100, kamar yadda jami'ar Harvard ta yi a wasu shekarun baya-bayan nan, mafi yawan masu nema duk gwanaye ne a takarda. Yaronmu mai A1 bakwai zai tarar da dubbai irinsa daga Indiya da Sin da Kenya da Legas. Mai karanta fayil kuma mintuna kaɗan gare shi. Idan maki ya zo ɗaya, abin da ya rage masa shi ne rubutun yaron da kansa, da bakin malamansa, da rahoton wanda ya zauna da shi.

Jami'o'i sama da 1,000 suna karɓar nema ta dandalin Common App. A can ana neman rahoto daga makaranta, wanda malamin jagoranci ko shugaba ke cikewa, da wasiƙun malaman da suka koyar da yaron a aji. Harvard tana neman malamai biyu daga darussa daban-daban. Jami'ar MIT, wadda ke da nata dandalin, tana son ɗaya daga lissafi ko kimiyya, ɗaya daga ɓangaren harshe ko tarihi da makamantansu. Tare da wasiƙar akwai jadawali da malami zai auna ɗalibi a kan abubuwa kamar zurfin tunani, da rubutu, da shiga tattaunawar aji, da gaskiya, da kula da mutane, da yadda yake ɗaukar faɗuwa. Matakan sun fara daga ƙasa da matsakaici, suka hau har zuwa wanda ke cewa wannan yana cikin 'yan kaɗan da na taɓa gani a duk tsawon aikina. Da yawa daga cikinmu, saboda tsoron wuce gona da iri, sai mu zaɓi “mai kyau” mu wuce, muna ganin mun yaba. A ma'auninsu kuwa wannan matakin tsakiya ne, akwai huɗu a samansa.

Ba jita-jita ba ce cewa waɗannan takardu suna da nauyi. A shari'ar da aka yi da Harvard a kotun tarayya ta Boston a 2018, kan zargin nuna wa 'yan asalin Asiya bambanci, an baje yadda suke aiki a bainar jama'a. Kowane mai nema ana ba shi maki daga 1 zuwa 6 a fannoni huɗu: karatu, da ayyukan bayan aji, da wasanni, da hali. Makin halin nan daga rubutun ɗalibi da wasiƙun malamai da rahoton hira ake tatso shi. Rigimar kanta a kansa ta fi tsananta, domin an ga 'yan asalin Asiya suna samun ƙasa da na fararen fata a wurin ma'aikatan jami'ar, alhali tsofaffin ɗaliban da suka gana da su ido da ido sun ba su maki kusan daidai da na sauran. Alƙaliyar, Allison Burroughs, ta ba Harvard gaskiya a 2019, amma ta ambaci cewa wasiƙun malamai da na masu jagoranci suna iya zama ɗaya daga cikin dalilan wannan giɓi. Daga baya Kotun Ƙolin Amurka, ranar 29 ga Yunin 2023, ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Abin da ya tsaya mini a rai a duk shari'ar shi ne wannan: al'umma guda tana iya cutuwa saboda yadda malamanta ke magana a kan 'ya'yanta.

Kada a ɗauka ina yabon tsarin ne. A ganina yana da zalunci a cikinsa, kuma tun asalinsa. A farkon ƙarni na 20 jarrabawa ce ke shigar da mutum waɗannan jami'o'i. Da 'ya'yan Yahudawa baƙin haure suka fara cinye ta, har suka haura kashi ɗaya cikin biyar na sababbin ɗaliban Harvard, sai shugabanta na lokacin, Abbott Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawansu a 1922. Ƙayyadewa a fili ba ta samu karɓuwa ba, sai aka bi ta bayan gida: aka ɗaukaka maganar “hali”, aka shigo da wasiƙun shaida da hira da tambayoyi a kan dangi, yadda za a iya ƙin mutum ba tare da an faɗi dalili ba. Yau manufar ta sauya, amma har yanzu ma'aunin ya karkata wajen mai kuɗi. Binciken da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya nuna cewa ɗan gidan da ke cikin kashi 1 cikin 100 mafi arziki a Amurka ya ninka ɗan matsakaicin gida damar zama a manyan jami'o'in nan fiye da sau biyu, ko da makin jarrabawarsu ɗaya ne. Cikin dalilan akwai fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da 'yan wasanni, da kuma makin da ba na karatu ba, inda 'yan makarantun kuɗi suka yi fintinkau. Ba abin mamaki ba ne. A can ma ƙungiyar masu jagorancin ɗalibai tana ba da shawarar malami ɗaya ga yara 250, amma matsakaicin ƙasar ya wuce haka nesa, alhali makarantar masu kuɗi tana da mutumin da ba shi da aiki sai rubuta wa yara 'yan ƙalilan wasiƙa. Wataƙila shi ya sa jami'ar jihar Kalifoniya, da duk rassanta, ba ta neman wasiƙa a takardun farko na mai nema.

To, idan ɗan talakan Amurka yana cutuwa a wannan tsari, ina ga ɗan Gumel ko Daura ko Mubi? Ba mu da ikon gyara musu tsarinsu. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu ƙara wa yaranmu nauyi a kan wanda suke ɗauke da shi.

Na daɗe ina tunanin me ya sa alƙalaminmu ke yin nauyi idan aka zo yabon ɗalibi. Lalaci yana ciki, yawan aiki yana ciki, ƙarancin Turanci ma yana ciki ga wasunmu. Amma babban abin tarbiyya ce. An rene mu a kan kawaici. Uba ba ya yabon ɗansa a gaban mutane, uwa ba ta ko kiran sunan ɗan fari, malami yana tsoron ya kumbura wa yaro kai ko baki ya kama shi. Idan malamin allo ya ce almajirinsa “ba laifi”, duk wanda ya san malamin ya san an kai ƙarshen yabo. Wannan ɗabi'a ce mai kyau a muhallinta, kuma ba na fatan mu rabu da ita. Sai dai mai karanta wasiƙar a can bai san malamin ba, bai san ma'aunin bakinsa ba. Shi a wurinsa gajeren yabo alama ce ta cewa malami bai sami abin faɗa ba, ko yana ɓoye wani aibu. Abin da ake nema a wurinmu kuma ba kirari ba ne. Shaida ce. An tambaye mu me muka gani, kuma Allah Ya hana mu ɓoye shaida a ƙarshen Suratul Baƙara. Wasiƙar ma yaron ba ya ganinta: dokar Amurka ta 1974 ta ba ɗalibi damar duba fayil ɗinsa idan ya shiga jami'a, amma fom ɗin yana tambayarsa ko ya yafe wannan dama, kuma mafi yawa suna yafewa domin a yarda da abin da malami ya rubuta. Babu kan da zai kumbura.

Ɗaya gefen kuma ya fi muni, kuma dole in faɗe shi. Akwai malamin da zai ce wa yaro, “Je ka rubuta ka kawo in sa hannu.” Akwai mai kwafo wasiƙa daga intanet ya sauya suna, har ya manta ya bar “ita” a wurin “shi”. Akwai mai ba yara biyar wasiƙa iri ɗaya, kowannensu shi ne mafi hazaƙa a tarihin makarantar, kuma duk su tura wa jami'a guda. Wannan shaidar zur ce, kuma illarta ba ta tsayawa a kan yaro ɗaya. Da zarar an gane hatimin makaranta ba abin yarda ba ne, ƙannen da ke tafe su ma sun shiga ciki. Haka nan iyayen da ke zarya gidan sanata ko fadar hakimi neman takarda, saboda a nan gida an saba da alfarmar babban mutum. Ku taimaka ku gaya musu su huta. Wasiƙar mai muƙamin da bai taɓa zama da yaro ba ba ta da amfani a can. Wata tsohuwar ma'aikaciyar ɗaukar ɗalibai a jami'ar Dartmouth, Rebecca Sabky, ta rubuta a jaridar New York Times a 2017 cewa wasiƙar da ta fi tsaya mata a rai daga mai sharar wata makaranta ta fito. Ya shaidi wani yaro da cewa shi kaɗai ya san sunan kowane mai shara a makarantar, yana kashe fitilun ajin da ba kowa, yana gyara wuri ko ba mai kallonsa. An ɗauki yaron ba tare da ko mutum ɗaya ya ja ba.

Irin wannan muke da shi jibge, ba ma rubutawa. Yaron da ke tako kilomita biyar da ƙafa bai taɓa makara ba. Yarinyar da ta karɓi ajin ƙannenta tana koya musu lissafi wata uku da aka rasa malami. Wanda ya faɗi jarrabawar zango na farko bayan rasuwar mahaifinsa, ya dawo ya zo na ɗaya yana gyaran waya da yamma domin ciyar da gida. A rubuta abin da ya faru, da lokacin da ya faru, da abin da yaron ya ce ko ya yi. A kuma bayyana makarantar kanta, ba tare da jin kunya ba: ɗalibai nawa ne a aji, ko akwai wuta, ko akwai ɗakin karatu, mutum nawa ke samun A1 a lissafi a shekara, nawa ke wucewa jami'a. Wasu shugabanni suna ganin faɗin haka tonon asirin makaranta ne. Ni kuwa ina ganin shi ne ke ba makin yaro ma'ana, domin B3 da aka samu a ajin mutum 90 ba ɗakin gwaji ba daidai take da B3 ta makarantar da ke da komai ba, kuma masu karantawar suna neman wannan bayani da kansu.

Sai ƙananan abubuwa masu kashe babban aiki. Wa'adin neman farko yawanci 1 ga Nuwamba ne, na gama-gari kuma farkon Janairu, lokacin da muke hutu. Ta imel ake turo wa malami gurbin da zai ɗora wasiƙarsa, kuma na ga saƙon da ya kwana wata biyu a akwatin da mai shi ya manta kalmar sirrinsa. Na ga yaron da ya yi sawu shida ana ce masa mai hatimi ya tafi taro. Na ga inda aka nemi kuɗin buga takarda a wurin marayan da ke neman tallafi. Ranku ya daɗe, wannan umarni ɗaya daga bakinku ya isa ya kawar da shi.

Maganar hira kuma ita ce ta fi ba ni tausayi. Jami'o'i irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT suna da tsofaffin ɗalibai 'yan sa-kai da ke ganawa da mai nema, a zahiri ko ta bidiyo, na kamar minti 30 zuwa awa ɗaya, su rubuta rahoto. Ba kowa ke samun wannan gayyata ba, domin ya danganta da ko akwai mai yi a yankin, kuma jami'o'in suna cewa rashin samunta ba ya rage wa mutum komai. Nauyinta bai kai na wasiƙar malami ba. Amma ga yaron da ya fito daga makarantar da ba su taɓa jin sunanta ba, wannan ne karo ɗaya da wani nasu zai ji muryarsa.

Wata ɗalibata ta samu irin wannan gayyata. Muka zauna a ofishin malamai ranar Asabar, na jingina wayata da tulin littattafai, na koma bakin ƙofa. Matar da ke ɗaya ɓangaren tana da fara'a, ta yi ta ƙoƙarin jan ta da hira. Yarinyar ta sunkuyar da kai tun daga sallama, idonta a kan yatsunta, kamar yadda aka koya mata ta yi a gaban babba. Aka tambaye ta me take yi bayan an tashi daga makaranta. Ta ce ba komai, aikin gida ne kawai. Ni da ke tsaye na san “ba komai” ɗin nan: ta haddace Alƙur'ani tana da shekara 14, tana koyar da yara kusan 30 a zauren gidansu tsakanin Magariba da Isha'i, ita ke riƙe da lissafin adashin matan unguwarsu a wani littafi mai bangon shuɗi, ba a taɓa samun kuskuren naira ɗaya ba. Aka tambaye ta ko tana da tambaya, ta ce babu, ta gode. Sau biyu layin yana yankewa. Minti 18 aka yi aka gama. Da ta ɗago kai sai na ga hawaye, ta ce, “Malam, na san amsar, bakina ne ya ƙi.”

Ba laifinta ba ne. Shekara 12 muna gaya mata yarinyar kirki ba ta haɗa ido da babba, ba ta yawan magana, ba ta faɗin “ni na yi”. Sannan rana ɗaya muka ajiye ta gaban baƙuwa muka ce ta yi duk ukun. Abin da take buƙata bai fi zama uku ko huɗu ba kafin ranar, da wani babba da ba ta saba da shi ba, ya tambaye ta, ta amsa, a nuna mata cewa ba da labarin aikin da ka yi ba fariya ba ne, kuma kallon fuskar mai yi maka magana a wurinsu girmamawa ce. Kowace tsohuwar makaranta a Arewa tana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, cike da likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, wasunsu a waje suka yi karatu. Muna kiransu idan rufin aji ya yaye. Mu kira su su ba yaran nan awa ɗaya. A kuma tanadi ɗaki mai shiru, da waya ko kwamfuta mai caji, da data, domin kada yaro ya yi hirar rayuwarsa a bakin titi babura suna wucewa.

Na san wani zai ce yara nawa ne ma ke neman Amurka a makarantarsa, ga maganar biza ta yi tsauri, ga waɗanda suka tafi ba duka ke dawowa ba. Gaskiya ne kaɗan ne. 'Yan Najeriya da ke karatu a can sun haura 20,000 a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, kuma duk wanda ya san harkar ya san rabonmu a ciki bai taka kara ya karya ba. Amma wasiƙar nan ba Amurka kaɗai ke nemanta ba. Mai neman jami'a a Ingila sai da shaidar malami. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana neman mashaida biyu. Shirin tallafin gidauniyar Mastercard, wanda ke kai yara jami'o'i a cikin Afirka ma, yana neman wasiƙa. Malamin da ya iya rubuta ta sau ɗaya ya iya ke nan.

Abin da nake roƙo a wurinku kaɗan ne. Kafin ƙarshen zangon nan, ku tara malaman aji biyar da aji shida na awa biyu a nuna musu fom ɗin nan da jadawalinsa. Ku naɗa mutum ɗaya da zai riƙa duba imel ɗin makaranta har a lokacin hutu. Ku sa a rubuta shafi ɗaya mai bayanin makarantar, da alƙalumanta na gaskiya, a ajiye. Ku hana “rubuta ka kawo”, ku hana karɓar ko kwabo a kan wasiƙa. Ni dai tun bayan yaron zoɓo na sayi ƙaramin littafi da nake ajiyewa a aljihu, duk abin da na ga ɗalibi ya yi wanda ya tsaya mini, in rubuta da kwanan wata kafin in manta. Bana yara biyu sun riga sun yi mini magana, kuma wa'adin ta farko 1 ga Nuwamba ne.

Allah Ya taya ku riƙo, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Malamin kimiyyar sinadarai a wata sakandaren gwamnati